Ƙoƙon da Aka Saya wa Maigidana

Lokacin da muka zo Azare, ni da maigidana, shekaru kaɗan bayan an gama yaƙin Turawa, majami'armu ba ta fi zauren talaka girma ba. Ɗaki ne na jar ƙasa a bayan gari, can gefen da baƙi ke sauka, da rufin ciyawa wanda duk damina sai ya yi yoyo ta ɓangaren mata. Abin da ya sa kullum ta ɓangarenmu yake yoyo, sai a tambayi mazan da ke baibaye shi. Ba mu da ƙararrawa. Wani guntun ƙarfen mota aka rataye a reshen aduwa, ana ƙwanƙwasa shi a hankali ranar Lahadi, don an roƙe mu kada mu dami gari, mu ma ba ma so a ce baƙi sun zo da fitina.

An ce wani tela da wani akawun kamfanin gyaɗa ne suka fara taruwar, su biyu rak, a shagon telan. Su kan tura ƙyaure su yi addu'arsu. Daga baya direbobin lori suka riƙa shigowa in kwana ya kama su a gari, sai ma'aikacin ɗakin magani, sai wani ɗan sanda da iyalinsa. Kowa da yarensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa mu, shi ya sa da ita ake sujada, ko da yake in telan nan ya ɗauko waƙa sai ka riƙe ciki don dariya. Wanda ya gina ɗakin da hannunsa wani tsohon soja ne daga duwatsun kudancin Bauchi, ya dawo daga yaƙi ya kama aikin kafinta. Shi ne babban dattijon ikkilisiya, wato jama'ar majami'armu, yaro da babba Baba muke ce masa. Ba zan ci namansa ba, mutumin kirki ne. In ɗanka ya kwana da zazzaɓi, Baba ne zai fara sallama a ƙofarka da safe.

Mu kuwa daga asibitin kutare na 'yan mishan muka fito. Ni ban taɓa yin cutar ba. Uwata aka kai can daga wani ƙauye kusa da Disina ina goye a bayanta, can na girma, can na koyi karatu, can kuma aka binne ta. Maigidana mutumin Katagum ne, masunci ɗan masunci, cutar ta kama shi yana saurayi. Ya sha allurar mai shekara da shekaru, irin allurar da ke sa ƙato kuka, kafin ƙwayoyi su zo. A can ya karɓi bangaskiya, a can aka yi masa baftisma. Ranar sallama likita ya tsaya gaban jama'a ya ce ba sauran cuta a jikinsa, ba zai sa wa kowa ba. Sai dai likita bai mayar masa da yatsun da suka tafi ba. Hannun hagu ya zama dungu, girarsa kuma ba ta sake tsirowa ba. Da irin wannan hannu ba a jan taru, don haka ya samu aikin gadi a rumfar awon gyaɗa a Azare, muka tattaro komatsanmu muka zo da 'yarmu ta fari.

Shi mutum ne mai raha. A kasuwa in mai kayan miya ta ce kada ya taɓa mata kaya, ba ya fushi. Sai ya nuna na can ƙasa da haɓa ya ce, "Wancan nake so, Iya. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano." Ita ma sai ta yi dariya ta tono masa. Ni ce ba ni da wannan haƙurin. Tun ina yarinya aka san ni da baki, tsufa kuma bai rage mini komai ba.

Gaskiya ikkilisiya ta karɓe mu hannu bibbiyu. Matan suka zo da tsintsiya suka share mana ɗakin haya, Baba ya gyara mana ƙyaure bai karɓi komai ba. Maigidana ya zama mai share majami'a ran Asabar ba wanda ya sa shi, kuma da muryarsa ake jan waƙa, don shi Hausar tasa ce tun daga nono. Ina ganin ba a cika miƙa masa hannu ba wajen gaisuwa, sai a dafa ƙirji a rusuna, amma ban ɗauka da zafi ba. Na ce a hankali za su saba.

Ba mu da fasto namu. Mai bishara ne ke riƙe da mu, wani saurayi mai sanyin hali, shi kuwa ba a naɗa shi ba, ba shi da izinin ba da Jibin Ubangiji. Wannan shi ne ranar da duk masu baftisma ke gutsurar gurasa ɗaya, su sha daga ƙoƙo ɗaya, don tunawa da mutuwar Almasihu. Sai fasto ya zo ake yi, fasto kuwa daga nesa yake zuwa, sai ruwa ya ɗauke hanya ta bushe. Shi ya sa mutum kan yi shekara yana jiran ranar. Mata mu dafa zoɓo mu tace da farin ƙyalle, a sayo gurasar alkama, a wanke ƙoƙon da toka har ya yi ƙyalli. Muna ce masa ƙoƙo ne kawai, amma babban kofin ƙarfe ne da Baba ya dawo da shi daga soja ya ba ikkilisiya. A kan miƙa shi hannu zuwa hannu, daga layin maza har ƙarshen layin mata, kowa ya kurɓa ya ba na kusa da shi. An koya mana cewa wannan shan taren shi ne shaidar mun zama jiki ɗaya. Maigidana ya ɗauki maganar nan da gaske, fiye da yadda ni na ɗauke ta. Tun da kaka ta yi yake ƙirga zuwan fasto kamar yaro mai jiran sabuwar riga.

Ana gobe Jibi, da la'asar, Baba da mai bishara suka yi sallama a gidanmu. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, na koma bayan zana ina tankaɗe, kunnena yana wajensu. Aka daɗe ana gaishe-gaishe, gaisuwar da ta wuce kima, har na ji a jikina cewa ruwa ba ya tsami banza. Can sai Baba ya kwance wani ƙulli daga aljihu.

"Ɗan'uwa," in ji shi, "ga ɗan abu ikkilisiya ta saya maka."

Na leƙa. Farin kofin tangaran ne sabo fil, da zanen jan fure a gefe. Ko a gidan akawu ban taɓa ganin mai kyansa ba.

"Gobe da shi za ka sha," in ji Baba. "Naka ne kai kaɗai, ba mai taɓa maka shi."

Ban san lokacin da na ajiye rariya na fito ba, hannu duk gari. Na ce, "Baba, ku yi mini gafara. Ku kuka fi likita sani ne? Mutumin da aka sallama a gaban jama'a shi za ku ware wa ƙoƙo? Haba, Baba! A gidan Allah ma?"

Mai bishara ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Baba ya ce, "'Yata, ba wariya ba ce. Kin ga ma nasa ya fi namu kyau."

Maigidana ya dube ni ya ce, "Ke, shiga ciki." Bai taɓa yi mini magana haka gaban mutane ba. Ya sa hannu biyu, mai lafiyar da dungun, ya karɓi kofin, ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka wa ikkilisiya da alheri." Har ƙofar gida ya raka su.

Da ya dawo na sauke masa kwandon faɗa. Na ce haƙurinsa ya yi yawa, na ce wannan ba haƙuri ba ne, mutuwar zuciya ce. Yana zaune yana jujjuya kofin har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Ran da aka gane cutar a gidanmu, mahaifiyata har kasuwa ta je ta sayo mini sabuwar ƙwarya. Ita ma mai kyau ta zaɓo." Wayyo Allah, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ran Lahadi aka yi yadda suka shirya. Fasto tsoho ne, idonsa ba ya gani sosai. Baba ya raɗa masa wani abu, fasto ya tsaya jim, sannan ya ci gaba. Ƙoƙon ƙarfe ya zo layin maza, ya isa kan na kusa da maigidana, sai hannu ya tsallake shi ya ba na gaba. Mai bishara ya kawo masa farin kofinsa. Ya sha, ya rufe ido ya yi addu'a kamar kowa. Da ƙoƙon ya zagayo ɓangaren mata aka miƙo mini, ni da nake shan ruwa moɗa ɗaya da shi safe da yamma, na kurɓa na miƙa wa matar tela, ita kuma ta sha hankalinta kwance. To, ka ji irin wayon ɗan Adam.

Wannan maganar na kai wa zumuntar mata ranar taronmu. Ban rage komai ba. Na ce in tsoro suke ji ai ni ya kamata su fara gudu. Matar Baba ce ta amsa, kuma ba da faɗa ta amsa ba. Ta ce a garinsu ta ga yadda cutar ta cinye ƙanin mahaifinta har ba a gane fuskarsa, ta ce tana da yara ƙanana, in ta tuna sai barci ya ƙi zuwa. Matar tela ta ce su a bakin mutanen gari suke ci. Ran da aka ji maigidanta yana sa baki inda kuturu ya sa, wa zai sake kawo masa ɗinki? Na nuna musu 'yata tana wasa a ƙasa, fatarta sumul. Suka dube ta, suka yaba, amma ba wadda ta sauya magana. Na koma gida na ɗauki farin kofin na ajiye wa kaji ruwa a ciki. Maigidana ya gani, ya ɗauke ya wanke ya mayar saman bango.

Da shekara ta zagayo fasto ya dawo. Ashe abin ya tsaya masa a rai tun wancan karon. Ya tara dattawa ran Asabar ya ce musu shi bai san Jibi mai ƙoƙo biyu ba. Ko dai kowa ya sha a ɗaya, ko kuwa ba zai bayar ba. Aka kai ruwa rana, Baba ya ce shi ba zai tilasta wa iyayen yara ba. Fasto ya yi wa'azi ran Lahadi, ya yi wa jarirai addu'a, ya hau lori ya tafi. Zoɓon da muka dafa yara suka shanye.

Ban taɓa ganin shekara mai nauyin wannan ba. Ba wanda ya ce mana kanzil, amma ido ai ba ya ɓoye abin da ke ciki. Akwai wata tsohuwa a cikinmu da ta rasu da damina ba ta sami Jibinta na ƙarshe ba, kuma kowa ya san dalili. Maigidana ya rame. Sau da yawa yana zuwa wurin Baba a shagon katako yana roƙo a bar shi da kofinsa, shi ya yarda, kada a hana jama'a saboda shi. Ni kuma in ya dawo in ce masa bai isa ya yarda ba. Haka muka yi ta ja, ni da shi, a kan abin da ba mu muka ƙulla ba.

Ma'aikacin ɗakin magani ne ya kawo mafita. Ya ce ya ji a manyan garuruwa kowa da ɗan ƙaramin kofinsa ake ba shi, kamar na shan magani. Nan da nan aka yi na'am. Baba ya sassaƙa faranti na katako mai ramuka, aka sa maƙeri ya yi 'yan kofuna na gwangwani, aka aika wa fasto, ya ce in kowa iri ɗaya ne ba shi da ta cewa. Ranar da aka fara, mutane sai murna suke, ana cewa Allah ya kashe wutar. Ni ma na ji sanyi, ba zan ɓoye ba. Na ga maigidana ya ɗauki nasa daga faranti ɗaya da kowa, ba wanda ya tsallake shi.

A hanyar gida na ce masa, "To, yau dai ka sha daidai da kowa."

Ya ce, "Kafin in zo garin nan tare suke sha."

Na ce wannan ba laifinsa ba ne. Ya ce ya sani. Amma daga ranar, in ana maganar zama jiki ɗaya a wa'azi, ƙasa yake kallo.

Shekaru suka shige. Aka sauke ciyawar majami'a aka buga kwano, yoyo ya ƙare. Muka ƙara 'ya'ya. Da Kirsimeti mu aika wa maƙwabtanmu Musulmi shinkafa, da babbar Sallah su aiko mana da nama. Ƙoƙon ƙarfen Baba ya koma ana ɗiban ruwa da shi a randar majami'a. Yaran da suka taso ba su ma san an taɓa sha a ƙoƙo ɗaya ba.

Ciwon da ya kwantar da maigidana ba tsohuwar cutar ba ce. Tari ne ya kama shi daga kwanan waje wurin gadi, ya sauka ƙirji, har ya kai ko kunu ba ya wuce maƙogwaronsa sai da azaba. Cikin bazara ne, ba lokacin Jibi ba. Sai ga fasto hanya ta biyo da shi garin, ya ji labari, ya zo dubiya da hantsi tare da Baba da mai bishara da tela. Maigidana ya roƙe shi Jibi, ya ce ba ya jin zai ga kaka. Na dafa ɗan zoɓon da ya rage mini a gida, ɗan kaɗan ne, na aiki yarinya ta sayo gurasa. Ba wanda ya tuna da farantin kofuna. Fasto ya ciro kofin tafiyarsa daga jaka, ya juye zoɓon duka a ciki, ya ce duk masu baftisma da ke ɗakin su matso.

Muka durƙusa kewaye da tabarmar. Aka gutsura gurasa, kowa ya ci. Fasto ya yi addu'a a kan kofin, ya tallafi kan marar lafiya ya fara ba shi, kamar yadda aka saba. Wanda ke durƙushe kusa da shi, wanda kofin zai je wa daga nan, Baba ne. Sai a lokacin kowa ya farga da abin da ke shirin faruwa. Na dubi Baba. Gumi ya karyo masa, ya ɗago hannu daga gwiwa. Ko karɓa zai yi, ko cewa zai yi a dakata, ban sani ba. Ina cewa a raina, yau dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maigidana ma ya dube shi. Ya dubi tela, ya dube ni. Sai ya riƙe kofin da hannu biyu ya kafa kai. Ina jin yadda kowane kurɓi ke wucewa da ƙyar, hawaye na zubo masa don zafi, amma bai sauke ba sai da ya shanye tas. Ya miƙa wa fasto kofin ba ko ɗigo, ya yi tari ya huta, sannan ya ce, "Ku gafarce ni, 'yan'uwa. Ƙishirwa ce."

Ba sauran zoɓo a gidan. Fasto ya daɗe yana kallon cikin kofin, sannan ya rufe da addu'a. Baba ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Da na leƙa na gan shi tsaye ya jingina goshi da bangon zaure, kafaɗunsa na girgiza, tsoho guda da furfura.

Da suka tafi na zauna a bakin tabarma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Maigida, me ya sa? Mutumin da ko ruwa ba ya iya haɗiya, yau shi ne mai ƙishirwa? Shekara nawa kana jiran wannan rana? Da ka bar shi mu gani!"

Ya ɗora dungun hannunsa a kan nawa. Ya ce, "In ya sha da tsoro, ban ƙaru da komai ba. In kuma ya ƙi a gabanki, na san halinki, ba za ki taɓa yafe masa ba." Ya numfasa. "Ni tafiya zan yi. Ke ce za ki zauna da su, ke da yara."

Bai kai Lahadi ba. Na zauna da su kuwa, a cikinsu na aurar da 'ya'yana, a cikinsu na tsufa. Har Baba ya rasu ban taɓa tambayarsa ko da zai sha ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba.